Akwai Mutum a Cikin Adda

Assalamu alaikum 'yan uwana, masu karantawa su yi shiru da masu yin magana ba su karanta ba, duk ina gaishe ku. Kwana biyu kun ji ni ɗif ko? Ba data ce ta ƙare ba, tashi muka yi daga unguwar Bolari muka koma unguwar Malam Inna, kwasar kaya ta kusa karya ni. To a cikin kwasar nan ne na ci karo da wasu takardu a ƙasan akwatin ƙarfen Mama, an naɗe su a tsohon ɗankwali. Duk wanda yake ɗan fari ko 'yar fari a gidansu ya matso kusa, yau da ku nake.

Wasiƙa ce da kakata Dada, Allah ya jiƙanta, ta rubuta wa Mamana lokacin da za ta bar Gombe zuwa Kaduna koyon aikin jinya, tun naira tana sabuwa. Mama ce 'yar farinta. Yaran yanzu ba lallai ku sani ba, a da, musamman gidajen Fulani, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce. Mama ma ba ta ce mata Inna ko Dada, Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Sau uku na roƙi Mama kafin ta yarda in sa muku. Na kwafe ta yadda take. Ga ta nan.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Maimunatu.

Kin gani, na rubuta shi. Sai da na ajiye biron na je na sha ruwa na dawo. Shekara goma sha takwas ina ce miki 'Yar Goggo, ko "ke", ko "waccan", yau ga shi a takarda.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya a cikin jirgi, Allah ya sa kin samu wurin zama kusa da taga, Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, shi ma ban gama ba. Inda kika ga harafi ya kwanta ki tashe shi da kanki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Wata magana ce na ji, ba da ni aka yi ta ba.

Ranar Talata da hantsi ina bayan ɗaki ina shanya kuka, ke da ƙanwarki Jummai kuna gindin dalbejiya kuna ninke kayanki. Na ji kina gaya mata wai malaminku ya taɓa ba ku labarin wasu masana da suka ce mutum ba shi da tabbacin akwai kowa a duniya sai shi kaɗai. Wai ke kin san kina nan, don kina jin yunwarki da tunaninki, amma sauran mutane ta ina za ki sani? Wataƙila duk hoto ne kamar na majigi, ko mafarki kike. Jummai ta mintsine ki ta ce, "To hoto ya mintsine ki, 'yar boko." Kuka yi dariya, ni ma na yi daga inda nake. Sai kika daina dariyar kika ce, "Ke ki duba Adda mana. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba. Kan kowa a unguwar nan ta kama ta yi wa kitso, ban da nawa. Da akwai mutum a cikinta, ai da ya yi magana ko sau ɗaya."

Jummai ta ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah." Kika ce, "Ai ba zagi na yi ba."

Na san ba zagi kika yi ba. Shi ya sa ya fi zafi. Na zauna a wurin har kaji suka hau kan kukar ban kore su ba. Ba zan iya barin ki hau jirgi da wannan a ranki ba, kuma bakina ba zai iya faɗa ba, shi ya sa na yage tsakiyar littafin Jummai.

Abu na farko, kada ki ɗauka ke da malaminku kuka fara wannan tunani. A wurina kika gaje shi, ni kuwa ba wanda ya koya min.

Ina 'yar shekara takwas ko tara nake yi wa Innata tallar gyaɗa a Kasuwar Gombe. A lokacin na yarda har cikin raina cewa in na juya baya kasuwa tsayawa take. Mahauta su tsaya da wuƙa a sama, 'yan dako su tsaya da buhu a ka, jaki ya tsaya da baki buɗe, sai na waiwayo sannan kowa ya ci gaba. Har gwadawa nake. In fita ta wajen masu tukwane kamar na tafi gida, in laɓe, sai in fito da gudu in kama su. Kullum in tarar suna ta harkarsu. Maimakon in ce tunanina ne ba daidai ba, sai in ce kai, mutanen nan akwai sauri.

Ina da ƙawa Ladi, ita dafaffen rogo take sayarwa. Wata rana da azahar na ji kiɗa ana kai amarya ta bayan kasuwa. Na sauke farantina na ce, "Ladi, riƙe min, ina zuwa." Na bi 'yan kai amarya har unguwar Herwagana, aka ba mu tuwo, muka yi gaɗa, daga nan na wuce gida abina. Ba mantawa na yi da Ladi ba, in gaya miki gaskiya. Na tuna ta. Amma a raina tunda ba na ganinta, ai ba jira take ba, tana nan a tsaye kamar turmi, gobe in na zo ta ci gaba da motsi.

Washegari na same ta a wurinmu, ta miƙo min faranti, gyaɗata ko ɗaya ba ta taɓa ba. Da ta zauna zaninta ya ɗage, sai na ga sawun bulala a ƙafafunta, ja, wani ya fashe. Na ce, "Ladi, me ya same ki?" Ta ce, "Ke kika ce kina zuwa." Ashe tana nan har aka watse kasuwa, har aka kira magariba, ta ƙi tafiya don kada in dawo in rasa ta. Da ta je gida babanta ya zane ta.

Na tsaya ina kallon ƙafar nan ina cewa a raina, to yaushe aka yi wannan, ni ban gani ba? Wa ya ji zafin, tunda ba ni na ji ba?

Don haka ki ji. Aikin da za ki koya, kullum za ki riƙa ce wa mutane "ina zuwa". Na kwanta a asibiti lokacin haihuwar Jummai, na san yadda masu farin kaya suke faɗarta suna tafiya ba su ko waiwaya ba. Wanda kika ce wa haka, in kin fita ba tsayawa yake ba. Yana nan yana kallon ƙofa, ƙishirwarsa tana ƙaruwa, duk takun da ya ji sai ya ɗaga kai. In kin san ba za ki dawo ba, ki ce ba za ki samu dawowa ba, ya nemi wani. Ya fi masa.

Za ki ce ai wannan yarinta ce. Haka ni ma na ɗauka. Na girma na daina laɓewa bayan tukwane, na zaci na warke. Ashe ciwon can ciki ya koma ya ɓuya.

Kin san sana'ata. In aka ce a tara kawunan da na kama a garin nan, sai an cika filin idi. Mace ta zo ta zauna a tabarma, ta sa kanta tsakanin gwiwoyina, in tsefe, in shafa mai, in tsaga, in kama. Ƙeyarta kawai nake gani. Wallahi shekaru da yawa ni ba mata nake gani ba, kawuna nake gani. Wannan mai laushi ne, wannan mai tauri, wannan akwai amosani, wannan shuku ke karɓarsa, wannan sai kalaba. Suna ta zuba, ni ina "uhum, uhum", hankalina yana kan miyar da zan kaɗa.

Lokacin yaƙin basasa, kina wajen Goggo mai riƙonki ba za ki tuna ba, akwai wata Saratu da ta kama ɗaki a gidan da ke bayanmu. Batangaliya ce daga wajen Billiri, mijinta soja, an tafi da shi bakin daga. Ba ta da ɗa, ba ta da kowa a Gombe. Doguwa, mai sanyin magana, gashinta baƙi wuluk. Ta zo na yi mata kitso mai kyau, wanda zai yi sati uku. Bayan kwana biyar sai ga ta, wai in tsefe in sake. Na ce, "Saratu, ai ko tashi bai yi ba." Ta ce, "Ki sake dai, Maman Jummai." Na sake. Bayan kwana biyar ta dawo. Haka, haka, har wata uku.

Ni da bakina, kin san shi. Wata rana mata sun cika tsakar gida, tana fita na ce, "Oh ni, matar soja, miji yana can yana shan harsashi, ko wa ake yi wa wannan kwalliyar?" Aka kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye miki ba. Ban sa komai a raina ba, a wurina magana ce ta fita ta bi iska. Kafin sati ta zaga unguwa ta yi 'ya'ya. Wai an ga wani direban tasha yana shiga gidan. Wai mai gidan hayar ya fara yi mata kallon banza. Mata suka daina amsa gaisuwarta a bakin famfo.

Ta zo ranar wata Asabar da safe, ba kowa sai ni. Ta zauna a tabarma kamar kullum, ta cire ɗankwali. Na fara tsifa. Tana kallon ƙasa ta ce, "Maman Jummai, na ji abin da kika ce."

Hannuna ya tsaya.

Ta ce, "Ba kwalliya nake ba. Tunda ya tafi ba wanda ya taɓa jikina sai ke. In kin kama kaina, ranar nakan iya cin abinci. Shi ke nan."

Na ce, "Haba Saratu, wasa ne fa." Ta ce, "Na sani. Ki gama min."

Na gama mata. Ban taɓa yin kitso mai kyau irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar hannuna irin ta ranar ba. Ta yi godiya ta tafi. Bayan kwana kaɗan na ji ta kwashe kayanta ta koma garinsu. Har yau ban san ko mijinta ya dawo ba. Duk wanda na ji ya ce daga Billiri yake sai na tambaya, a ce min Saratu ai suna da yawa, wacce?

Wata uku kanta yana kan cinyata, Maimunatu. Tazarar da ke tsakanin yatsuna da abin da ke damunta ba ta fi kaurin ƙashi ba. Tambaya ɗaya ce, "Lafiya kuwa kike yawan zuwa?" Ban yi ba, don ban taɓa kawowa akwai wani abu a ciki ba.

To ke ma jikin mutane za a ba ki. Hannu, ƙafa, ciki, gyambo. Za ki gaji, za ki fara cewa "mai ƙafar nan" da "mai tarin can". In kin ga wani yana yawan kiranki ba dalili, yana cewa a gyara masa matashi alhali a gyare yake, kada ki yi tsaki, kuma don Allah kada ki mai da shi abin ba abokan aikinki dariya. Ki tambaye shi. Wataƙila ya faɗa, wataƙila ya ƙi. Kuma duk maganar da za ta sa ɗaki ya yi dariya a kan wanda ya fita, ki haɗiye ta. Ni na san daɗinta, na kuma san abin da ta ci.

Yanzu saura taki. Ita ce nake ta kewaye-kewaye tun ɗazu.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai na haife ki. Gari ana ta kiɗa, yaran makaranta suna wucewa da 'yan tutoci, ni ina ɗaki ina wankan jego, shekarata goma sha bakwai. In ba kowa a ɗakin sai in buɗe zanin in ƙirga yatsunki, in sunsuni kanki. Da na ji motsi sai in ture ki gefe in juya fuska bango. Haka aka koya min, haka Innata ta yi wa yayana. In kina kuka a gaban mutane ba na ɗaukarki sai wata ta ce, "Ke, ba ta mana ta sha." Da aka yaye ki Goggo, yayar babanki, ta goya ki ta tafi da ke gidanta, layi biyu tsakaninmu. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya, 'yar asali ce."

Ga inda laifina yake. Ba al'adar nake zagi ba, iyayenmu ba mugaye ba ne, kuma na ga matan da suka riƙe kunyarsu amma suka san yadda suka yi 'ya'yansu suka gane. Ni yabon ne ya shige ni. Na so a riƙa cewa ba mai kunya kamata a Bolari. Har na wuce inda al'adar ta tsaya. Ko mu biyu ne a tsakar gida ba na sakin fuska, kamar akwai masu kallo a kan katanga. Kaina nake kallo, ba ke ba.

Kuma abin da ya fi wannan wauta, na ɗauka kin sani. Tunda abin yana cikina, yana cika min ƙirji, na zaci kowa yana ganinsa, balle ke. Ban taɓa zama na ce, to ita yarinyar nan, daga inda take tsaye, me take gani ba? Sai ranar Talata na gane abin da kike gani: mace mai dariya da kowa, in kin shigo ta ɗaure fuska.

Bari in gaya miki abubuwan da ba ki sani ba.

Kina shekara huɗu kika yi ƙyanda, har aka fara cire rai. Na san abin da kika riƙe shi ne ban zo ba. Na zo. Kullum in an yi sallar asuba nakan bi ta lungu in tsaya bayan ɗakin Goggo, wajen 'yar tagar nan da aka toshe da tsumma, in saurari numfashinki. Kwana tara. Rana ɗaya Goggo ta fito zubar da ruwa ta gan ni, ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, shigo mana, wa zai gan ki?" Na ce a'a, wucewa nake. Wucewa zuwa ina da asuba, bayan ɗakin mutane? Da na shiga, da kin buɗe ido kin gan ni. Ban shiga ba. Wannan ba al'ada ce ta hana ni ba, ga mai al'adar da kanta tana cewa in shigo.

Kunun tsamiyar da kika ce ba wanda ya iya shi sai Goggo, ni nake damawa in aika.

Atamfar nan mai ruwan ganye da kika sa ranar da kuka gama firamare, kika durƙusa har ƙasa kina yi wa Goggo godiya, ina tsaye ina tankaɗe. Ni na zaɓe ta. Sau uku ina sa babanki ya mayar kanti ya canjo, har ya ce shi ya gaji, in je da kaina in ina so.

Maganar makarantar nan ma. Da takardarki ta fito, baffanninki suka taru a zaure suka ce 'ya mace ba ta zuwa Kaduna ita kaɗai. Kin ɗauka babanki ne ya tsaya miki. Ya tsaya, Allah ya saka masa, amma sai da na yi kwana shida ba na yi masa magana sai gaisuwa. Ya ce, "Wai ke ba kunyarta kike ji ba?" Na ce, "Ina ji, Malam. Ka dai sa hannu."

Kitso kuwa, duk ranar da kika dawo daga gidan mai kitson Goggo nakan bi ƙeyarki da kallo in ce a raina, ji yadda ta ja mata gaban goshi, ji tsagar nan a karkace. Na san kanki fiye da duk kan da na taɓa kamawa, kuma ban taɓa shi ba tun kina shekara biyu.

Ban faɗi waɗannan don ki ce na kyauta ba. Ban kyauta ba. Abin da aka yi wa mutum a ɓoye har bai sani ba, a wurinsa ba a yi ba. Na faɗa ne don ki kai wa malaminku tambaya: in ni hoto ce a mafarkinki, ta yaya na san tagar Goggo da tsumma aka toshe ta, ke kuwa ba ki san na tsaya a wurin ba?

Na san masu ilimi ba sa rasa amsa, wataƙila ya ce shi ma mafarkin ne ya ƙago. To ba ni da karatun da zan kayar da shi. Kuma gaskiyarsa ta wani wajen, ba wanda ya taɓa shiga cikin wani ya gani. Amma ni ga yadda na auna da ɗan hankalina. In kika ɗauki hoto a matsayin mutum, kika gaishe shi, kika ba shi ruwa, me kika rasa? Ruwa kawai. In kuwa kika ɗauki mutum a matsayin hoto, ni na gwada sau uku, na gaya miki abin da ya biyo baya. Kuma Allah da zai tambaye mu haƙƙin maƙwabci ba zai tambaye mu haƙƙin inuwa ba.

Inda za ki, tunanin nan zai fi samun wurin zama. Ba wanda ya san ki, ba wanda ya san gidanku. Yanzu da kuɗin man nan suka shigo, an canja kuɗi, an canja hannu a titi, kowane malamin ofis ya sayi babur ko mota yana hura hanci, mutane sun fara wuce juna kamar itatuwa. Za ki ga masu yi miki kallon hoto ke ma, musamman masu sababbin motocin nan da za su riƙa tsayawa a ƙofar makarantarku. Wanda duk zancensa shi ne shi, motarsa, albashinsa, bai taɓa tambayarki me kike tsoro ko me ya ba ki dariya yau ba, ki bar shi ya ƙara gaba ko da motar tasa tashi take. Wadda za a haɗa ku ɗaki, ko Bayarabiya ce ko 'yar ina ce, ki tambayi sunan garinsu da sunan uwarta, ki ci abincinta in ya halatta, ki ba ta naki. Na sa miki yaji da kuka da dakakkiyar kuɓewa a cikin kwallar nan mai murfi ja, da man shanu a kwalba, ki duba kada ya zube a kan kayan makaranta. Goggo za ta ce ita ta haɗa. Wannan karon kin sani.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Kada ki zauna da yunwa don karatu, kin san cikinki.

Ba zan zo tasha ba. Na so in ce zan zo, amma na san kaina, zan tsaya can nesa ne in ɗaure fuska in ƙara ɓata abin. Ba a rana ɗaya zan canja ba, kada ki sa rai da yawa. Wataƙila in kin zo hutu ki tarar da ni yadda kika bar ni, ina ce miki "ke". Ki yi min uzuri.

Abu ɗaya nake roƙo. Ni na faɗi nawa, amma naki ban sani ba. Ban san me kika riƙa ji ba duk shekarun nan, ban san ranar da na fi ɓata miki ba, ban san me kike gaya wa kanki in kin koma gidan Goggo. Da na zaci na sani. Ki rubuto min. Kada ki tausaya min, kada ki yi min irin rubutun gaisuwa da fatan alheri. Ki faɗa duka. Ki aiko ta hannun Jummai, ni zan karanta da kaina ko zai ɗauke ni sati.

Allah ya kiyaye ki gaba da baya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin bakinki, wanda shi ma gado ne. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki yafe min.

Ni ce Addarki, wadda ta haife ki.

To jama'a, nan wasiƙar ta tsaya. Ni da na gama karantawa hancina ya toshe, na je na sami Mama a kicin tana jera kwanuka na ce, "Mama, don Allah kin ba ta amsa?"

Ta ce sai da jirgi ya wuce Bauchi ta buɗe kwallar neman abin taɓawa ta ga takardar. Ta karanta, ta mayar, ta yi wata huɗu ba ta rubuta komai ba don haushi. Wai a ranta, sai yanzu? Sannan wata Lahadi ta zauna ta cika shafi tara, ba ta rage komai ba.

Na ce, "Dada ta ce me?"

Ta ce da ta zo hutu Dada ko kallonta ba ta yi ba, sai "ke, kin iso?" Har ta fara cewa a ranta ai ga shi nan, an koma gidan jiya. Sai da baƙi suka watse tana wanke hannu a bakin rariya, Dada ta zo ta tsaya a kanta ta ce, "Shafi takwas na karɓa, laifina ne. Amma shafi na shida ƙarya kika yi min, ba haka aka yi ba." Mama ta ce, "Haka aka yi, Adda, ina wurin." Dada ta ce, "Ni ma ai ina wurin!" Suka zauna a kan turmi suka yi ta musu har tuwo ya kama, Jummai tana ta leƙe tana mamaki, don ba ta taɓa jin sun yi maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Na ce, "Me ke shafi na shidan?"

Ta ce, "Ba ruwanki, sarkin tambaya. Tsakanina da uwata ne." Ta goge ido da bakin mayafi tana dariya. "Shekara talatin da wani abu muna wannan musun. Har ta rasu ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba."

'Yan fari, ku fito ku gaya min, ku ma haka aka yi muku a gidajenku, ko an taɓa yi muku bayani? Iyaye mata da ke nan, akwai abin da kuke yi wa 'ya'yanku a ɓoye kuna zaton sun sani? Ku rubuto a ƙasa, ina nan ina karantawa ɗaya bayan ɗaya.